Talmud a Cikin Hutu Guda: Sharhi kan Darussan Bazara na Ibrananci da Littattafan Malaman Yahudu

Kowace shekara, tsakanin watan Yuni da Agusta, wasu manyan makarantu sukan buɗe darussa na musamman ga masu son koyon Ibrananci ko littattafan malaman Yahudu. Daga cikinsu akwai Jami'ar Ibrananci ta birnin Ƙudus, da Jewish Theological Seminary ta New York wadda aka kafa a 1886, da Kwalejin Middlebury a Amurka, inda ɗalibi ke ɗaukar alkawarin ba zai yi magana da wani harshe ba sai wanda yake koyo. Makonni ne 'yan kaɗan. Abin dubawa shi ne iyakar abin da suke iya bai wa mai bincike.

Ta fuskar harshe, ribar a fili take, musamman ga wanda ya ƙoshi da Larabci. Kalmomin Ibrananci suna ginuwa ne a kan asali mai baƙaƙe uku, fi'ilansa kuma suna bin awo irin na sarfu. Wanda ya san nahawun Attaura kuwa zai iya shiga Mishna, littafin hukunce-hukuncen da Yahuda Hanasi ya tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya a cikin kashi shida, domin lafazinta gajere ne, a tsare kamar matanin fikihu. Akwai kuma hanyar karatu da ake kira habruta: ɗalibai biyu su zauna da nassi, wannan ya karanta ya fassara, wancan ya ja da shi, kafin su je gaban malami. Wannan ce ma mafi daraja cikin abin da ake samu, don ba a koyonta daga littafi.

Wahala tana farawa ne daga Talmud na Babila. Da yawa daga muhawararsa da Aramanci aka rubuta ta, harshen Yahudawan Iraki kafin Musulunci, mai nahawunsa da ƙamusunsa daban. Bugun Bilna na 1880 zuwa 1886, wanda aka fi dogara da shi, ba shi da wasali, kuma kusan babu alamun tsayawa. Kalma ɗaya tak ce za ta nuna cewa nan tambaya ce, can raddi ne, can kuma an janye hujja. Wanda bai san waɗannan kalmomi ba yakan ɗauki shubuhar da aka kawo don a rushe ta a matsayin ra'ayin littafin. Ganyensa 2,711 ne, masu karanta ganye ɗaya kullum sukan shafe kusan shekara bakwai da rabi kafin su sauke. Ɗalibin bazara, in ya yi ƙoƙari, ganye kaɗan zai ratsa, yana dafe da sharhin Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105.

Ƙarancin abin da aka karanta ba aibi ba ne. Kowane karatu da kaɗan yake farawa. Aibin yana ga sanin zamanin nassi, wanda gajeren darasi kan sadaukar saboda gaggawar kai ɗalibi ga fassara. Shafin Talmud yana zuwa wa mai karatu kamar zama ɗaya na malamai, alhali maganganun ƙarnoni ne aka jera: na malaman zamanin Mishna, da na waɗanda suka biyo su, da kuma muryar masu tsarawa da ba a ambaci sunansu ba, wadda David Weiss Halivni da Shamma Friedman suka yi fice wajen rarrabe ta. Bugun da ke hannu ma ya sha almakashin masu tace littattafai na Turai, shi ya sa ake komawa ga rubuce-rubucen hannu irin na Munik, wanda aka kwafa a ƙarni na 14.

Ga mai nazarin tafsiri da Isra'iliyyat, wannan ne tushen al'amarin. Tun da Abraham Geiger ya fitar da littafinsa a 1833, yana da'awar cewa an ɗebo ƙissoshin Alƙur'ani daga Yahudanci, ake ta jera nassoshi biyu-biyu ana cewa wannan ya ɗauka daga wancan. Amma littattafan ba tsara ɗaya ba ne. Bereshit Rabba, mai ɗauke da labarin Annabi Ibrahim (AS) da gumaka, na wajen ƙarni na 5 ne, ya riga saukar Alƙur'ani. Firke na Rabbi Eliyezar kuwa bayan zuwan Musulunci aka tsara shi, har yana kiran matan Annabi Isma'il (AS) da sunayen A'isha da Fatima. Wanda ya dawo da iya fassara kaɗai zai ɗora su a ma'auni ɗaya, ko dai ya sallama wa Geiger inda bai da hujja, ko ya musanta abin da tarihi ya tabbatar. Dukansu biyun suna zubar da ƙimar bincike a gaban masana fannin.

Akwai kuma ƙofar da ba kasafai irin waɗannan darussa ke fara buɗewa ba, ga shi ita ta fi kusa da ɗalibin Larabci: rubuce-rubucen Yahudawa da Larabci cikin baƙaƙen Ibrananci. Sa'adiya Alfayyumi, wanda ya shugabanci makarantar Sura ya rasu a 942, ya fassara Attaura zuwa Larabci. Musa ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya yi wa Mishna sharhi da Larabci, yana amfani da isɗilahin fukaha'u da malaman kalam. Koyon baƙaƙen 22 aikin 'yan kwanaki ne. Mai shirin tafiya bazara zai fi amfana idan ya isa can ya riga ya karanta babi ɗaya na Mishna tare da wannan sharhi, sannan ya nemi malamin da zai zaunar da shi a kan Aramanci da tarihin nassi.