Naitiros da Kayan Wutar Inji: Inda Masu Talla Ke Ɓatar da Kai

Idan ka kalli fim ɗin The Fast and the Furious na 2001, ka ga yadda direba ke danna ɗan maɓalli, mota ta zabura kamar kibiya. Iskar da ke cikin kwalbar nan ita ce naitiros oksaid, wadda masu tseren mota a Amurka ke kira NOS, sunan wani kamfani da ya shahara da sayar da kayanta. Fim ya koya wa mutane cewa ƙarfi a maɓalli yake. Masu tallan kayan mota kuma suka ɗora nasu: tunda za ka ƙara ƙarfi, sayi kwayil mafi ƙarfi da fulogi mafi tsada. Wannan shawarar muke ƙalubalanta, domin wanda ya bi ta ido rufe zai iya rasa injinsa cikin daƙiƙoƙi.

Bari mu fara da aikin iskar. Naitiros ba mai ba ce. Idan ta yi zafi cikin silinda, sai ta rabu gida biyu, naitirojin da oksijin. Kusan kashi 36 cikin ɗari na nauyinta oksijin ne, alhali iskar da muke shaƙa kashi 23 ne kawai. Ƙarin oksijin na ba da damar ƙona ƙarin fetur. Shi ya sa Jamus ta yi amfani da ita a jiragen yaƙinta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a tsarin da ake kira GM-1, don samun ƙarfi can sama inda iska ba ta da kauri.

To, ga inda tallan ya kauce. Cakuɗin fetur da naitiros ya fi na kullum saurin ƙonewa, ga zafi, ga matsi. Babban haɗarin shi ne wuta ta kama da wuri. A inji, tartsatsi na fita kafin fistin ya kai ƙololuwa, don matsin ya cika bayan ya fara saukowa. In ka bar taimin yadda yake ka buɗe naitiros, matsin zai cika fistin na kan hawa, su yi karo. Sakamakon shi ne ƙwanƙwasa, karyewar zoben fistin, ko fashewar gaskit. Ƙa'idar da masu tsere suka saba bi ita ce a jinkirta tartsatsi da kimanin digiri 2 a kan kowane ƙarfin doki 50 da aka ƙara. Ka ga kenan na'urar jinkirta taimin ce ya kamata ka fara saya, amma ba ita ake kwarmatawa ba.

Sai fulogi. In an ce fulogi "mai zafi" ko "mai sanyi", ba zancen ƙarfin tartsatsi ake yi ba. Ana nufin saurin da bakinsa ke zubar da zafi zuwa jikin inji. Bakin da ya haura kimanin digiri 850 na Salsiyos yakan zama garwashi, ya kunna cakuɗin tun kafin tartsatsi, har ya huda fistin. Don haka ana saukowa mataki ɗaya ko biyu zuwa mai sanyi, a kuma zaɓi wanda bakinsa bai zuro cikin silinda sosai ba. Ka kula fa: a fulogin NGK, babbar lamba na nufin mai sanyi, a na Champion da Bosch kuwa akasin haka ne. Fulogin filatinom mai tsada an yi shi ne don ya daɗe a motar yau da kullum. Masu tsere da naitiros sun fi son na talaka mai jan ƙarfe a ciki, wanda za su riƙa cirewa suna dubawa suna canzawa.

Gaskiya ɗaya ce, masu talla ba ƙarya zalla suke yi ba. Tun 1889 masanin kimiyya Friedrich Paschen ya nuna cewa ƙarfin lantarkin da tartsatsi ke buƙata ya dogara da matsin iska da faɗin ratar da zai tsallaka. Matsi ya ƙaru, kwayil mai rauni na iya gazawa, silinda ta tsallake bugu, kuma cakuɗin da bai ƙone ba na iya fashewa a bututu. Amma ka duba, abu biyu ne a lissafin. Rage ratar fulogi daga milimita 1.1 zuwa wajen 0.8 ba ya cin kuɗi, kuma sau da yawa ya wadatar ga ƙaramin ƙari. Akwatin wuta irin na MSD na da amfani a manyan injina, sai dai tartsatsi bi-da-bi da ake yabonsa da shi yana aiki ne ƙasa da juyi 3,000 a minti, wato yankin da ake gargaɗin kada a buɗe naitiros ko kaɗan.

Waɗannan alƙaluma mafari ne. Ingancin fetur da yanayin injinka ne ke yanke hukunci. In dai za ka kashe kuɗi, bi wannan jerin: na'urar jinkirta taimin, makunnin da ke hana naitiros buɗewa sai inji ya kai juyin da ya dace, fulogi mai sanyi da ƙaramar rata, sannan kwayil in har gwaji ya nuna ana buƙatarsa. Bayan kowane gudu, ciro fulogin ka duba. In ka ga ɗigo-ɗigon ƙarfe a jikin farin tangaran ɗinsa, ko waya ta fara narkewa, rufe kwalbar ka koma ga taimin.