"Junzi" da "Mutumin Kirki": Matsalar Fassara Falsafar Sin a Ajin Adabin Hausa

1.0 Gabatarwa

Malamin adabi da ya ɗauri aniyar shigo da falsafar ƙasar Sin ta dauri cikin ajinsa, kafin ya kai ga tunanin da ke ƙunshe cikinta sai ya ci karo da matsalar kalma. Littafin Lunyu, wato tarin zantukan Kanfushiyas (551-479 kafin Miladiyya) da almajiransa suka harhaɗa cikin babi 20, galibi ba ya isowa ga ɗalibin Nijeriya sai ta hanyar Ingilishi, kamar fassarar James Legge ta 1861 ko ta Arthur Waley ta 1938. Ke nan Hausar da za a yi bayani da ita a aji fassarar fassara ce. Wannan maƙala za ta tsaya a kan kalma ɗaya tak, wato junzi, sunan da Kanfushiyas ya ba mutumin da yake so almajiransa su zama.

2.0 Inda "Mutumin Kirki" ya Gaza

Abin da zai fara zuwa bakin duk wani manazarcin Hausa shi ne "mutumin kirki", musamman tun da A.H.M. Kirk-Greene ya fitar da laccarsa mai wannan suna a 1974, inda ya zayyana halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kamannin suna da ruɗi, domin kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ɗan'uwa a Lunyu. Sai dai akwai abu biyu da junzi ba ya tsayuwa sai da su, waɗanda kuma babu su a wancan jeri: karatu da mulki. Bahaushe na iya kiran manomin da bai taɓa riƙe allo ba mutumin kirki, kuma bai yi kuskure ba. Shi kuwa junzi ta hanyar nazarin tsofaffin waƙoƙi da tarihi da ƙa'idojin bukukuwa ake gina shi, kuma ana gina shi ne domin a danƙa masa al'amuran jama'a. Wannan ne ya sa daga baya littafin ya zama ginshiƙin jarrabawar ɗaukar ma'aikatan daula, wadda ba a soke ta ba sai a 1905.

Asalin kalmar ma abin lura ne. Ma'anarta ta farko ita ce "ɗan sarki". Kanfushiyas ne ya karkatar da ita daga haihuwa zuwa hali, ta yadda ɗan talaka zai iya samun sunan, ɗan gidan sarauta kuma ya rasa shi. Hausa ta yi irin wannan tafiya da kalmar "dattijo", wadda ta tashi daga furfura ta koma ga ɗabi'a, har akan ce wa matashi ya yi dattako, a ce wa mai shekara saba'in tsoho kawai. Don haka "dattijo" ta fi kusa, ko da yake ita ma ba ta ɗauke da sharaɗin karatu. Kishiyar kalmar kuwa, xiaoren, ba ta da wahala ko kaɗan: "ƙaramin mutum" ne, a lafazi da ma'ana.

Ga ɗalibin Bauchi, misalin da ya fi kusa yana Tirwun, mahaifar Yakubu ɗan Dadi. Masana tarihi kan ambace shi a matsayin wanda ba Bafulatani ba a cikin manyan masu tutar jihadin 1804; Bagere ne, kuma shekarun da ya yi yana almajirci a gaban Shehu Usmanu ɗan Fodiyo su ne suka kai shi ga karɓar tuta, har ya kafa birnin Bauchi a 1809. Haɗuwar ilimi da hali da ragamar mulki a mutum guda ita ce siffar da ake nema, kuma ɗalibi zai fi saurin gane ta daga nan fiye da daga kowane ƙamus.

3.0 Haɗarin da ya fi Girma

Amma misalin da kansa yana da tarko. Ilimin Yakubu na addini ne, kuma kalmomin da za a yi sharhi da su, irin su amana da adalci da ladabi da hikima, duk aro ne daga Larabci, sun shigo Hausa ɗauke da tsoron Allah da hisabin Lahira. Ɗalibin da ya tashi da waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 zai ji su, ya ɗauka Kanfushiyas mai wa'azi ne. Alhali Lunyu ba ya jingina kyakkyawan hali ga ladar Lahira. Hujjarsa ita ce daidaituwar gida da ta ƙasa. Haka nan kalmar li, wadda ake saurin mayarwa "ladabi", ta wuce durƙuso da gaisuwa, ta ƙunshi zaman makokin iyaye na shekara uku da yi wa kakanni hadaya, abubuwan da kalmar Hausar ba za ta taɓa nuna wa mai karatu ba. Fassarar da ta yi santsi a nan ta ɓoye ainihin wurin da al'ummomin biyu suka sha bamban, wanda kuwa shi ne ya cancanci a ɓata sa'a guda a kansa a aji. Mafita ita ce a bar junzi da li yadda suke a rubuce, a jera kalmomin Hausa biyu ko uku a gefensu, sa'annan a sa ɗalibai su fito da abin da kowace ta ɗauko da abin da ta zubar.