Waƙa a Bakin Mai Ita: Ƙofar Gida da Zaure a Nazarin Waƙar Baka, da Misali daga Birnin Zariya

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Akasarin masu kawo wannan karin magana suna nufin mai abu ya fi kowa sanin abinsa. Amma in aka ɗauki maganar a kan fuskarta, za a tarar tana ƙunshe da wani hukunci na adabi wanda manazarta ba su cika tsayawa a kansa ba, watau waƙar da aka ji daga bakin makaɗi, ana kallonsa yana kallon jama'a, daban take da wadda aka ji a faifai ko a rediyo, ko da kuwa sunansu ɗaya, gindinsu ɗaya. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ƙaramin wurin da shahararren makaɗi kan yi wasa a cikinsa, kamar ƙofar gida da zaure da tsakar gida, yana da hannu a ginin waƙar kanta, kuma nazarin da ya manta da shi ya bar wani sashe na abin da yake nazari.

An ɗauki birnin Zariya misali saboda dalilai biyu. Na farko, a ƙasar Zazzau aka yi muhimman bincike na farko a kan roƙo da kiɗan Hausa. Na biyu, a cikin ganuwar Zariya har yanzu ana iya ganin irin gidajen da wannan al'ada ta tashi a cikinsu.

2.0 Wuraren Kiɗa a Cikin Birni

Wanda ya shiga birni ta Ƙofar Doka ya nufi fada, ko ya ratsa unguwanni kamar Ƙwarbai da Juma da Ƙaura, zai lura cewa tsohon birnin ba a gina shi da ɗakin kallo ba. Abin da yake akwai shi ne lungu, da ɗan fili a ƙofar gida, da zaure, sannan tsakar gida can ciki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da irin kiɗansa da irin mutanensa.

A ƙofar fada ake yin sara a daren Juma'a, inda makaɗan sarki kan fito da tambura da kakaki da algaita. Wannan kiɗan sarauta ne, mai shi ɗaya ne, sauran jama'a kuwa shaidu ne. A ƙofar gidan attajiri ko basarake, ranar biki ko suna ko naɗi ko ajo, nan ake shimfiɗa tabarmi a jera kujeru, makaɗin jama'a ya tsaya da 'yan amshinsa. Zaure na manyan baƙi ne da gaisuwa, inda makaɗi kan rage murya ya wasa mai gida a gaban abokansa. Tsakar gida kuwa ta mata ce, a can ake kifa ƙwarya a yi amada. Kiɗan goge da na kukuma sun fi samun gindin zama a wajen ganuwa, a Tudun Wada da Sabon Gari, domin birni wurin malamai ne, ba kowane sauti yake ɗauka ba.

A irin waɗannan wurare mutanen Arewa suka fara sanin manyan makaɗansu ido da ido. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya yi zamansa a Funtuwa, wadda tsakaninta da Zariya bai kai kilomita 100 ba. Barmani Choge ita ma 'yar Funtuwa ce. Hassan Wayam mai kukuma a Zariya ya zauna. Duk shaharar da suka yi, gayyatar biki ita ce ƙashin bayan sana'arsu, kuma biki a ƙofar gida ake yin sa.

3.0 Abin da Kusanci ke Yi wa Waƙa

Abu na farko shi ne sautin kayan kiɗan. Kalangu ganga ce mai baki biyu, tsakiyarta a tsuke, ana matsa tsarkiyarta a hammata don a ɗaga sauti ko a sauke shi. Da haka take bin hawa da saukar karin harshen Hausa, har mai saurare ya gane taken da ake kaɗawa ba tare da an furta kalma ba. Wannan magana ta kalangu tana bukatar kunne na kusa. Kuntigin Ɗanmaraya Jos ya fi ta bukatar haka, domin tsarkiya ɗaya gare shi, ƙoƙonsa ɗan ƙarami ne, mai shi kuma ba shi da 'yan amshi. Kayan kiɗa ne da aka yi domin taron da ake iya ƙirga mutanensa. Katangar ƙasa mai kauri da rufin soro ba su mayar da amo da ƙarfi kamar siminti da kwano, saboda haka kalma takan isa kunne a rarrabe.

Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne zubin waƙar. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya raba waƙar makaɗi zuwa gindi da ɗiya. Gindi tsayayye ne, shi 'yan amshi ke komawa gare shi. Ɗiya kuwa a hannun jagora suke, ya ƙara, ya rage, ya sauya musu wuri. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: me ke sa jagora ya ƙara ɗa a nan, ya rage a can? A ƙofar gida amsar a fili take. Wani babban mutum ya iso, sanƙira ya raɗa wa makaɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu, nan take a haifi ɗa sabo. Wani ya yi kyauta, sanƙira ya ɗaga ta sama ya yi shelar yawanta, da fam da sule a da, da naira tun daga 1973, sai abokin takararsa ya ji ba zai bari ba. Wani kuma ya zauna ya ƙi motsi, sai habaici ya biyo ta kansa, jama'a su fashe da dariya domin sun san da wanda ake. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar sawunsa a jikin waƙar.

Wannan shi ne abin da M. G. Smith ya hango a maƙalarsa ta 1957 a mujallar Africa, wadda ya gina a kan binciken da ya yi a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950. Ya nuna roƙo hanya ce ta bayyana matsayin mutane da tabbatar da shi a bainar jama'a. Sai dai Smith masanin zamantakewa ne, hankalinsa ya fi karkata ga aikin da roƙo ke yi wa al'umma, bai bi abin da al'umma ke yi wa zubin waƙa ba. David Ames, wanda ya zauna da makaɗan Zariya a 1963 da 1964, tare da Anthony King da ya yi aiki a Katsina, sun matsa gaba a ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa na 1971, domin sun ware babi ga lokutan kiɗa kamar yadda suka ware wa kayan kiɗa da masu yin sa. Ɗandatti Abdulƙadir kuma, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana a 1975, ya ɗauki Shata misali, ya dubi yadda yake ƙaga waƙa a lokacin da yake rera ta.

Abu na uku shi ne tsawo. A ƙofar gida ba agogo ke yanke waƙa ba, jama'a ke yanke ta. Albert Lord ya ba da labarin irin wannan a littafinsa na 1960, game da mawaƙan Yugoslabiya da shi da malaminsa Milman Parry suka saurara a gidajen gahawa a shekarun 1930: mawaƙi kan ja labari in ya ga an natsu, ya taƙaita in ya ga an fara tashi. Makaɗin Hausa ma haka yake auna taronsa da ido.

4.0 Faifai, Rediyo da Dandamali

Faifan garmaho na da ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku a kowace fuska. Makaɗin da ya saba kwana yana kiɗa dole ya zaɓi 'yan ɗiya ya bar sauran. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai muryar makaɗa ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba, amma a ɗakin ɗaukar murya babu mai shigowa, babu mai kyauta, babu wanda za a yi wa habaici ya ji kunya. Kaset ya yawaita a shekarun 1970, ya ba da minti talatin ko fiye a fuska ɗaya, har ma aka riƙa ɗaukar wasa a wurin biki. Irin wannan kaset ɗin ya fi kusa da gaskiya, duk da haka kunne kawai ya taimaka wa. Ana jin guɗa da dariya, ba a san abin da ya jawo su ba.

Dandamali kuma, irin na bukukuwan nuna al'adu da suka yawaita a zamanin FESTAC ta 1977, ya ɗaga makaɗi sama ya jera mutane a gabansa. Wannan girmamawa ce, kuma daga irinta ne Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Amma a kan dandamali mahalarta sun koma 'yan kallo, sanƙira ya rasa kunnen da zai raɗa wa, lasifika kuma ta haɗe kalangu da murya wuri ɗaya. Ba makaɗan Hausa kaɗai wannan ya shafa ba. Ƙungiyar Beatles ta Ingila ta yi wasa kusan sau 300 a wani ɗan ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Liverpool tsakanin 1961 da 1963. A 1965 ta yi wasa a filin ƙwallo a New York a gaban mutum fiye da 55,000, inda ihu ya danne kiɗa har su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa, kuma a 1966 suka daina yawon wasa baki ɗaya.

A bukukuwan yau an ƙara nisa. Tun da waƙoƙin fiyano suka bunƙasa tare da finafinan Hausa daga shekarun 1990, sau da yawa mawaƙi kan zo zauren taro da waƙar da ya riga ya ɗauka, a saka ta, shi kuma ya bi da baki. Sunan ango da amarya suna ciki, domin an biya an saka su tun a situdiyo. Wanda ya iso daga baya kuwa ba shi da ƙofar shiga. Mai waƙa yana nan tsaye, amma waƙar ba a bakinsa take ba.

5.0 Inda Ƙaramin Wuri Ya Gaza

Ba daidai ba ne a mai da ƙofar gida aljanna. Kusancin da ke haifar da sabon ɗa shi ne kuma ke ba zambo kaifi, har kyauta ta zama fansar mutunci. Wannan na cikin dalilan da suka sa malamai suka daɗe suna sukar roƙo. Har ila yau, babban makaɗi ba ya zuwa ƙofar talaka. Talaka yakan ji shi ne daga bayan taro, matan kulle kuma daga bayan katanga. Rediyo ce ta raba waƙar ga kowa daidai wa daida. Daɗin daɗawa, waƙar wurin biki takan cika da jerin sunaye da maimaici, ta yadda wanda bai san mutanen ba zai gaji da ita, alhali matsin faifai yakan tilasta wa makaɗi ya tace, ya bar zaɓaɓɓun ɗiya. Sannan Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Ba don faifai da kaset ba, da yanzu sai labari.

Saboda haka ba a cewa a yi watsi da abin da aka ɗauka. Abin da ake cewa shi ne a san matsayinsa: kowane faifai shaida ce ta rana ɗaya, a wuri ɗaya, a gaban wasu mutane ko a gaban babu kowa.

6.0 Kammalawa

Kuskuren da ya fi yawa a kundayen ɗalibai shi ne a sami kaset ɗaya, a rubuta abin da ke cikinsa, a kira shi matanin waƙar, sannan a yanke hukunci cewa tana da ɗiya kaza, jigonta kaza. In wani ya zo da wani kaset mai ɗiya daban, sai a shiga gardamar wanne ne na asali, alhali kuwa duk biyun na asali ne. Gyaran wannan ba shi da wuya. Ya kamata kowane matani ya zo da bayanin inda aka ɗauke shi, da shekara, da dalilin taron, da wanda ya yi gayya. In an sami rerawa biyu ko uku na waƙa ɗaya, a jera su a kwatanta, domin a wurin da suka saɓa nan hikimar makaɗi take. A kuma rubuta maganar sanƙira yadda take, kada a share ta da sunan hayaniya.

Akwai aikin da ya fi waɗannan gaggawa. A unguwannin birnin Zariya akwai dattawa maza da mata da suka zauna a tabarma ɗaya da waɗannan makaɗa, akwai tsofaffin 'yan amshi da sanƙirori a garuruwan da ke kewaye. Su ne za su iya cewa wane ne aka yi wa wannan habaici, me ya faru kafin waccan guɗa. Kullum suna raguwa, kamar yadda zaurukan ƙasa ke raguwa ana maye gurbinsu da bulo. Sassan Hausa na jami'o'i, musamman na Samaru, su ya fi kamata su tura ɗalibansu da kaset a hannu, a kunna wa waɗannan dattawa, a rubuta abin da suka tuna. Ɗalibin da ya yi haka zai dawo da abin da babu shi a ɗakin karatu.