Takardar Hanya: Daga Fasfon 'Ya'yan Sarautar Jamus zuwa Hatimin Sarkin Musulmi

A Jamus akwai masu sha'awar tara tsofaffin fasfo, kuma cikin waɗanda suke rububi akwai na 'ya'yan sarauta. Kafin haɗewar ƙasar a 1871, kowace masarauta, Furusiya ce ko Bavariya, ita ke ba mutanenta takardar tafiya. Galibi falle ɗaya ce babba, ba hoto. Magatakarda ne ke siffanta mai ita da alƙalami: tsawonsa, launin idonsa, yanayin hancinsa. Hoto bai zama dole ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Tsarin mulkin 1919 ya soke gatan masu sarauta, amma a wurin gwanjo har gobe sunan babban gida yana ƙara wa takarda tsada.

A nan nake ganin raunin wannan sha'awa. Mai saye suna yake bi, alhali amfanin takardar yana cikin hatiman da aka buga mata a hanya. Su ne ke nuna inda aka bi, da wanda ke da ikon cewa wuce ko tsaya. In da wannan ido aka duba, Jamusawan da suka zo ƙasar Hausa sun fi ba da labari, domin da suka ƙetaro Sahara takardun Turai ba su tsinana masu komai ba.

Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ba ɗan sarauta ba ne, ɗan wani ɗan kasuwar Hambug ne da gwamnatin Ingila ta aiko. A 1850 Sarkin Agadas ya rubuta masa wasiƙu zuwa ga sarakunan Katsina da Kano da Daura. Duk da haka, da ya iso Katsina a farkon 1851, Sarki Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki, sai da aka daidaita a kan gaisuwa sannan ya wuce Kano. Wasiƙar Agadas roƙo ce kawai, Sarkin Katsina kuwa ba a ƙarƙashin Agadas yake ba.

Da ya dawo a 1853 ya riga ya gane dawan garin. Bai fita Katsina shi kaɗai ba, ya bi ayarin Galadiman Sakkwato. Saboda tsoron mayaƙan Gobir suka karkato kudu, ta Kuraye da Kurfi, har Barth ya bayyana ganuwar Kurfi da duwatsunta a littafinsa. Mutanen wannan yanki kaɗan ne suka san garinsu na cikin wani littafi da aka buga a Landan tun 1858. A Gawasu ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, kuma babban abin da ya roƙa shi ne takarda: izinin wucewa zuwa Tambutu, da amana ga fataken Ingila a kan ransu da dukiyarsu. Ya samu. A Gwandu, Sarki Halilu bai yarda sun ga juna ba, amma ya ba da tasa takardar. A Tambutu kuma Shaihu Ahmad al-Bakka'i ya rubuta masa doguwar wasiƙar kariya kafin ya juyo gida a 1854.

Waɗannan wasiƙu suna da tsarinsu: bisimilla, sunan mai aikowa da wanda aka aika wa, gaisuwa, sannan umarni, ga hatimi. Ba su damu da siffar hanci ba, domin manzon da ke rakiya shi ne shaida. Rubuta su aikin ofishi ne sosai, mai magatakarda da ajiya. Wasiƙun da Turawa suka tarar a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903 sun isa littafi guda, wanda H. F. Backwell ya shirya fassararsa aka buga a 1927.

Namu na talakawa fa? Alhazan da suka tafi Makka ta ƙasa a zamanin Turawa, ta Fort Lami da Janaina da Hartum har bakin Bahar Maliya, wasu shekaru suka yi suna noma a Sudan kafin su ƙetara. Wanda Allah ya dawo da shi ya zo da fasfo da takardar allura, cike da hatimai. A ƙauyuka irin Ɗantutture irin wannan takarda a adaka take kwana, cikin littattafan marigayi, inda gara da yoyon damina ke jiranta. In an zo rabon gado, gona da shanu ake kallo.

Ban ce mu kwaikwayi 'yan gwanjo ba. Takardar da ta bar gidansu ta rabu da tsohuwar da ta san wa ya tafi, da wa ya rasu a hanya. Mai irinta ya ɗauke ta hoto da waya, gaba da baya, ya rubuta abin da dattawa suka faɗa, sannan ya kai kwafi Gidan Arewa a Kaduna ko gidan tarihi na Katsina. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma masu neman abin bincike, ku fara da adakar kakanninku.