Midgard: Ƙasa Ce Ko Ganuwa?

Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne a duba sunan da mutanen Sikandinebiya na dauri suka ba duniyar 'yan Adam, watau Midgard, da kuma hasarar da ake yi wajen fassara shi.

Sunan harɗaɗɗe ne: mið, watau "tsakiya", da garðr, watau shinge ko filin da aka kewaye. Ba harshensu kaɗai yake da shi ba. Akwai midjungards a fassarar Linjila da aka yi zuwa harshen Gotawa a ƙarni na 4, akwai kuma middangeard a tsohon Ingilishi. Ashe ke nan kalmar ta girmi littattafan Aisland da ɗaruruwan shekaru.

A littafinsa Edda, wanda ya rubuta wajejen 1220, Snorri Sturluson ya kawo cewa alloli sun kashe ƙato Ymir, suka yi ƙasa da namansa, teku da jininsa. Suka bar wa ƙattai gaɓar teku, sa'an nan suka gina ganuwa da gashin idanunsa don tsaron mutane. Wannan ganuwa ita aka kira Midgard. Mai nazari zai iya cewa Snorri Kirista ne, ya kuwa yi rubutu shekara wajen 220 bayan Aisland ta karɓi Kiristanci, don haka ba a saki jiki da shi ba. Amma tsohuwar waƙar nan Grímnismál, wadda ya kafa hujja da ita, ta ambaci batun gashin idon.

To, ina aka yi tuntuɓe? A Ingilishin tsakiyar zamani an sauya gaɓar ƙarshe ta kalmar, aka sa wadda take nufin "ƙasa". Daga nan Middle-earth ta fito, wadda Tolkien ya yayata a 1954. Da haka shingen ya ɓace, tare da shi kuma fargabar abin da ke waje, alhali a kanta aka gina labarin duka.

Saboda haka duk mai fassara da ya ce "tsakiyar duniya" ya bi sawun wannan sauyi. Hausa kuwa tana da mafita, domin "birni" yana nufin ganuwa, yana kuma nufin garin da ke cikinta. A ganina "Birnin Tsakiya" ya fi kusa da abin da masu sunan suke nufi.