Kalmar Wahayi da Hoton Ɗan Tayi: Nazarin Bugun Moore da Zindani

A shekarar 1983 aka fitar a Jidda da wani bugu na musamman na littafin The Developing Human na Farfesa Keith Moore, malamin ilimin sassan jiki a Jami'ar Toronto ta Kanada, tare da ƙarin ayoyi da hadisai daga Shaihu Abdulmajid az-Zindani. Tun daga lokacin masu wa'azi ke kafa hujja da shi a babin i'ijazin ilimi, galibi ba tare da sun buɗe shi ba.

Ɓangaren kimiyya na littafin ba shi da abin zargi. Ƙwayar maniyyi tana ɗauke da kuromosom 23, ƙwan mace ma 23, su haɗu su zama ƙwayar halitta guda mai 46. Ita ce ke rarrabuwa har ta fara maƙalewa a bangon mahaifa wajen kwana na 6, zuciya kuma ta soma bugawa wajen kwana na 22. Wanda ya san haka zai ƙara fahimtar lafazin amshaj na Suratul Insan, wanda magabata suka fassara da cakuɗuwar ruwan namiji da na mace, ƙarnoni kafin Karl von Baer ya gano ƙwan dabbobi masu shayarwa a 1827. A nan littafin ya yi hidima, domin bai ɗora wa kalmar abin da ba ta ɗauka ba.

Matsalar ta fara ne daga alaƙa. Tushen kalmar a Larabci yana nuna rataya da maƙalewa, ana kuma kiran matsattsaku da gudan jini da ita. Akasarin mafassara sun tafi a kan gudan jini. Littafin ya fifita matsattsaku, ya ajiye zanensa kusa da zanen ɗan tayi na mako na huɗu, ya bar ido ya yanke hukunci. Haka aka yi wa mudga, inda aka kamanta jerin ƙulle-ƙullen bayan ɗan tayi da shaidar haƙora a kan abin da aka tauna. Kamanni a zane ba hujja ba ne a usulul tafsiri. Ana gane ma'anar lafazi ta amfanin Larabawa da siyaƙi da abin da aka ruwaito, kuma lafazi mai ma'anoni da yawa ba a keɓance shi da guda sai da dalili.

Imam ash-Shaɗibi ya yi gargaɗi a cikin al-Muwafaƙat game da jingina wa Alƙur'ani kowane ilimin da mutane suka ƙirƙiro. Tarihin ilimin ƙwayoyin halitta ya ba shi gaskiya a wani misali: shekaru kusan talatin littattafan karatu suna koyar da cewa ɗan Adam yana da kuromosom 48, sai a 1956 Tjio da Levan suka tabbatar da 46. Da wani mafassari ya ɗaura aya a kan 48, da ɗaliban yau sun zaci ayar ce ta kuskure.

Mafi nauyi shi ne batun kwanaki. Jumhur sun fahimci hadisin Ibn Mas'ud, Allah ya yarda da shi, a kan arba'in uku a jere, watau kwana 120 kafin busa rai. Zindani ya tafi a kan cewa matakan uku duk suna cikin arba'in na farko, yana mai jingina da lafazin Muslim da hadisin Huzaifa ibn Asid da ya ambaci dare 42. Ra'ayi ne da ya cancanci a tattauna shi a majalisar muhaddisai. Sai dai mai karatu zai lura cewa jadawalin likitoci ne ya fara zaɓar riwayar, sannan aka nemo mata dalili. Kuma wannan ba sabanin lafazi kawai ba ne. A kan iyakar kwana 120 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta gina matsayarta ta 1990 da ta halatta zubar da ciki mai mummunar nakasa kafin wannan wa'adi, bisa rahoton ƙwararrun likitoci. Idan iyakar ta koma arba'in, ƙofar za ta rufe tun kafin gwaji ya iya nuna nakasar. Malikiyya, waɗanda mashhurin mazhabarsu ya hana fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko kafin arba'in, ba su tsira daga tambayar ba, domin hukuncin jinin ɓari da ƙarewar idda suna rataye da tantance abin da aka ɓarar. Ƙarin Zindani bai tsaya a kan ɗaya daga waɗannan rassa ba.

Ibnul Ƙayyim, a Tuhfatul Maudud da at-Tibyan, ya kawo maganganun likitocin zamaninsa a kan ɗan tayi, ya karɓi wasu ya ƙi wasu, yana mai rarrabe nassi da zancen likita. Wannan rarrabewar ce ta yi ƙaranci a bugun Jidda. Ya dace a karantar da shi a sashen tafsiri tare da babin Shaɗibi da littafin ilimin ƙwayoyin halitta na wannan zamani, domin shekaru bakwai bayan fitarsa ne aka gano SRY, ƙwayar gadon da ke kan kuromosom Y wadda ke juya halitta zuwa namiji.