Karatun Gauraye a Ƙasar Damagaram: Nazari da Suka

1. Gabatarwa

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantun Nijar daga watan Maris zuwa farkon Yuni na shekarar 2020, masu tsara ilimi suka shiga yabon wata hanyar koyarwa da ake iya kira karatun gauraye, wato a raba darasi biyu: wani kashi ɗalibi ya ɗauke shi ta intanet, wani kuma a gaban malami. Manufar wannan maƙala ita ce a auna hanyar nan da halin makarantun karkara irin na Damagaram Takaya, a ga abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba.

2. Abin da ya gabata

Haɗa na'ura da malami ba baƙon abu ba ne a Nijar. A 1964 aka buɗe talabijin na makaranta a Yamai da taimakon Faransa. Akan watso gajerun darussa, sa'an nan mai kula da aji, wanda galibi iliminsa bai wuce firamare ba, ya bi da tambayoyi da aikin hannu. An yaba shirin ƙwarai a waje, amma ya daɗe a azuzuwa 22 kawai, ya yi tsada, kuma da Faransanci akwatin ke magana. A ƙarshe gidan ya koma Télé Sahel. Irinsa da aka soma a Kwaddibuwa a 1971 shi ma an watsar da shi a farkon shekarun 1980.

A 1973 kuwa aka buɗe makarantar gwaji ta farko a birnin Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin ya shiga Faransanci. Gwajin farko ya sake kayan aiki ya bar harshe yadda yake. Na biyu ya sake harshe da alli da allo kurum. Kuskuren masu yabon karatun gauraye shi ne sun gaji tunanin na farko, sun manta da na biyu.

3. Suka

Na ɗaya, maganar harshe. In darasin da ke cikin waya da Faransanci yake, ɗan manomi bai ƙaru da kome ba, sai dai an ƙara masa malami na biyu wanda ba ya jin maganarsa, ba kuma ya iya tambayarsa. Tun da kundin ƙasa na 2025 ya ɗauki Hausa harshen ƙasa, babu sauran uzuri. Lalle ne kuma a tuna da ƴaƴan Barebari da na Fulani na yankin, kada a yi musu da Hausa abin da aka yi wa kowa da Faransanci.

Na biyu, ƙa'idar rubutu. Yawancin masu rubutu a waya sukan zubar da ƙugiyar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Babba yakan gane daga ma'ana, amma mai koyo ba zai raba baki da baƙi, ko kafa da ƙafa ba. Abin da malamin yaƙi da jahilci ya gina da safe, waya ta rushe shi da dare.

Na uku, rabon aiki. Gauraye ba gamin gambiza ba ne. Makarantar allo ta daɗe da warware wannan: almajiri ya keɓe da allonsa ya yi ta tilawa, amma ba ya wankewa sai ya biya a gaban malam an gyara masa. Matsayin na'ura na allo ne, ba na malam ba. Tsarin da ya rage horon malamai don sayen na'ura ya sayar da akuya ya sayi igiya.

Na huɗu, a ƙauyen da babu lantarki, kuma wayar gida ɗaya ce a aljihun maigida, rabin darasin da aka ce a yi a gida ɗan mai hali kaɗai zai yi shi. Yarinya kuwa ita ce ta ƙarshe a layi.

4. Amfaninsa

Duk da haka akwai abin da na'ura ta fi takarda. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka gari na zama da gari na tuwo duk ɗaya ne a ido. Murya tana raba su nan take. Ana kuma iya naɗar tatsuniyoyi da tarihin sarakunan Damagaram daga bakin dattawa, yaro ya ji karin harshen gida kafin a kai shi ga daidaitacciyar Hausa.

5. Kammalawa

Shawara ga masu tsari ita ce a bi wannan jeri: a fara da horon malami, a shirya darussa da harshen yara bisa ƙa'idar rubutu, a ajiye su cikin na'urar da ke aiki da hasken rana ba sai da intanet ba, a kuma yi amfani da ita cikin aji inda kowane yaro zai samu rabo. In an juya jerin nan, za a maimaita tarihin 1964 da sabon akwati.